Ɗumamar Duniya: Abin Da Digiri Ɗaya Da Rabi Ke Nufi Ga Manomin Kebbi

A watan Janairun 2025 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO, ta tabbatar da cewa 2024 ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye awon zafin duniya. Matsakaicin zafin doron ƙasa a shekarar ya ɗara na zamanin da masana'antu ba su yaɗu ba da kimanin digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyas. Shi ne karon farko da shekara guda cur ta haye digiri 1.5, iyakar da ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin ƙoƙarin tsayawa a kanta a yarjejeniyar Paris ta 2015.

Wanda ya ji wannan labari a rediyo a Jega ko Kamba yana iya cewa, to sai me? Garin da asubahin hunturu ke sauka kusan digiri 15, azahar ɗin Afrilu kuma ta kai 42 har ta wuce, wane ƙarin digiri ɗaya da rabi ne zai tayar wa mutanensa hankali? Akwai kuma wani abin da ke ɗaure kai. Ana ta cewa duniya na ɗumama, hamada na matsowa, amma abin da ya fi cinye gonakin Kebbi a shekarun nan ruwa ne. Ta yaya zafi zai haifi ambaliya?

Yanayi biyu, suna ɗaya

Ruɗanin ya fara ne daga kalmar kanta. A Hausa "yanayi" muke cewa ga abu biyu. Akwai yanayin gari na yau da gobe: an tashi da hazo, hadari ya haɗo, rana ta buɗe. Akwai kuma ɗabi'ar yanayin ƙasa, wadda sai an tara awon shekara 30 ake gane ta: yaushe damina kan sauka, kwana nawa takan yi, ina zafi kan tsaya. Wannan ta biyu ce dattawan manoma ke riƙe da ita a ka idan suna lissafin taurarin damina, kowanne da kwana 13, suna cewa idan tauraro kaza ya kama ba a shuka ba to an makara. Idan masana suka ce sauyin yanayi, wannan ɗabi'ar suke nufi. Damina ɗaya mai kyau ba ta ƙaryata shi, fari ɗaya ma ba ya tabbatar da shi.

Ɗumamar duniya ita ce tushen sauyin. Hasken rana yana dukan ƙasa, ƙasa ta yi zafi ta mayar da zafin sama. A sararin samaniya akwai wasu nau'o'in iska da ke tare wani kaso na zafin nan kamar bargo, kuma da babu su da duniya ta daskare. Matsalar ita ce bargon ya ƙara kauri. Kafin a fara ƙona kwal da man fetur da gas da yawa, iskar kabon a sama ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420. Akwai kuma iskar methen, wadda ke fita daga rijiyoyin mai da gas, daga cikin shanu idan suna tuƙa, da kuma gonakin shinkafa da ruwa ya kwanta a cikinsu.

Shi kuma digiri 1.5 matsakaici ne na duniya baki ɗaya, dare da rana, tudu da teku. Teku ta mamaye kusan kashi 70 cikin 100 na duniya kuma ba ta saurin ɗaukar zafi, saboda haka tudu, inda mutane ke zaune suke noma, ya riga ya ɗumama fiye da wannan adadi. Don a gane girman abin: lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Amurka shekaru kusan 20,000 da suka wuce, sanyin duniya bai fi na kafin zamanin masana'antu da digiri 5 zuwa 7 ba. A matsakaicin duniya digiri guda ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a lura, iyakar ta Paris da matsakaicin shekaru kamar 20 ake auna ta, don haka shekara ɗaya da ta haye ba ta nufin an karya ta a hukumance. Alama ce ta cewa an iso bakin gaɓa.

Yadda zafi ke zama ruwa

Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururi. Kowane ƙarin digiri ɗaya yana sa ta iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Wannan na aiki ta fuska biyu. Idan babu hadari, iskar na tsotse laimar ƙasa da ta ganye da sauri, shuka ta yi yaushi da wuri. Idan kuwa hadari ya haɗu, abin da ta tara sai ta juye shi a lokaci ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan Adam tun daga 1982, ya gano cewa manyan hadura masu tsananin ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku.

Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san lokacin da ruwan ya ƙi zuwa ɗungurungum, dabbobi suka mutu, baƙi suka yi ta kwararowa daga arewa. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, amma da wani hali daban. Jimillar abin da ake samu a shekara na iya kai na da, sai dai ya zo a kwanaki kaɗan, da ƙarfi, da tazara a tsakani. Ga manomi, ruwan da ya sauko milimita 100 a dare ɗaya ya ɗauke na mako uku ba daidai yake da wanda ya rarrabu ba, ko da ma'auni ya nuna adadi ɗaya.

A nan shimfiɗar ƙasar Kebbi ta shigo. Jihar mazurari ce. Gulbin Rima da na Sakkwato, gulbin Zamfara da gulbin Ka duk ta cikinta suke bi su faɗa kogin Neja, shi kuma Neja ta Kebbi yake shigowa Najeriya. Ruwan da ya sauka a Gusau, ko a yammacin Katsina, ko a Maraɗi, ƙarshensa fadamar Augie da Argungu da Birnin Kebbi da Bunza da Suru. Manomin fadama na iya kwana sama tar da taurari, ya wayi gari ruwa ya shanye masa gona.

Haka aka gani a ƙarshen Agusta da Satumban 2020. A Yamai kogin Neja ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba, a Kebbi kuma rahotannin lokacin sun ce ruwa ya lalata kimanin hekta 450,000 na shinkafa, ana gab da girbi. Da yawa daga masu gonakin da bashi suka yi noman. Bayan shekara biyu, ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasa. A 2024 ruwa ya ci Gummi a Zamfara, madatsar Alau kuma ta ɓalle a kan Maiduguri.

Adalci ne a ce ba dukan laifin ke kan sama ba. Madatsun Goronyo da Bakolori sun daɗe suna tara yashi da laka, wanda ke rage abin da za su iya riƙewa, kuma idan suka cika dole a saki ruwa. Gulaben kansu sun cike. An sare itatuwan da ke rage gudun ruwa a tudu, an yi gini a hanyarsa a gari. Ɗumamar duniya na ƙara yawan ruwan da ke sauka lokaci guda, amma yawan ɓarnar da zai yi ya danganta da abin da ya tarar a ƙasa.

Mafakar noman rani da tarkon da ke cikinta

Amsar da manoman Kebbi suka ba ambaliya ita ce noman rani. Ruwa na kusa a fadama, ana haƙa 'yar rijiya a sa tiyo da inji a ja. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma samu manyan injinan casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu, noman rani ya zama abin dogaron gidaje da yawa. A rani babu fargabar ambaliya, rana na wadace, kuma yabanya ta fi ta damina auki.

To amma a duba kalanda. Wanda ya zuba iri a Janairu ya dasa a Fabrairu, shinkafarsa za ta yi ciki ta fidda kai ne a ƙarshen Maris zuwa Afrilu, wato tsakiyar bazara. Shinkafa na jure zafi a yawancin rayuwarta, amma akwai 'yan kwanakin da ba ta da juriya ko kaɗan, su ne kwanakin fure. Furenta da hantsi yake buɗewa, na ɗan lokaci kaɗan. Idan zafin da ke kan zangarniya ya wuce digiri 35 a wannan sa'a, barbara ba ta kamawa. Gona za ta yi kyau daga nesa, kore shar, kai ya fito. Sai an shiga an kama zangarniya an murza tsakanin yatsu a ji ba komai, ɓawo ne kawai. Zangarniyar da ta yi ido sunkuyawa take yi don nauyi, wadda zafi ya taɓa kuwa tana nan tsaye ƙiƙam har ranar yanka. Taki an zuba, fetur an ƙona, 'yan ƙwadago an biya.

Mai karatu na iya tambaya: ai Afrilun Kebbi ya daɗe yana wuce 35, me ya hana shinkafar lalacewa tun da? Abin da ke ceton ta shi ne ruwa da bushewar iska. Shuka na fitar da ruwa ta ganye kamar gumi, kuma a busasshiyar iska wannan na sanyaya zangarniya ta sauka digiri da dama ƙasa da zafin gari. Ma'ana, kariyar shinkafar rani tana rataye ne da injin ban-ruwa. Ran da inji ya tsaya, gona ta bushe a makon fure, kariyar ta tafi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, manoma da dama suka rage yawan ban-ruwa. Ƙarin zafi na buƙatar ƙarin ruwa a daidai lokacin da jan ruwan ya yi tsada. Shi ya sa injin sola ya zama abin nema a fadama, ga mai halin saye.

Zafin dare ma na da tasa ɓarnar, ba a dai ganin ta da ido. Da rana shuka ke haɗa abinci, da dare take cin wani kaso nasa wajen numfashi, kuma dare mai zafi na sa ta ci da yawa. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta ruwaito a 2004 cewa a gonakin gwajinta, kowane ƙarin digiri ɗaya a zafin dare lokacin rani ya rage amfani da kusan kashi 10 cikin 100.

Hanya mafi sauƙi a faɗa ita ce a yi sammako, a dasa da wuri don fure ya riga bazara. Amma fadama ba ta janye ruwan damina sai wajen Nuwamba ko Disamba a wurare da yawa, sanyin hunturu kuma na daƙile irin da aka zuba, ya yi ja ya ƙi tashi. Tsakanin sanyin da ke hana tsiro da zafin da ke hana ido akwai 'yar ƙofa, kuma ɗumamar duniya daga ɓangaren zafin take matse ta. Alkama ta fi shiga tsaka mai wuya, don ita sanyin ma take so. Wanda bai shuka ta a tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin Maris zai riske ta tana cika ido, ƙwaya ta fito a motse.

A tudu

Gero da dawa 'yan gida ne, an san su da jimiri. Duk da haka suna da iyaka. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa a Afirka ta Yamma, tsakanin 2000 da 2009, ɗumamar da aka riga aka samu ta rage amfanin gero da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, dawa kuma da kashi 5 zuwa 15, idan aka kwatanta da abin da za a samu da ba a yi ɗumamar ba. Irin wannan asara ba ta zuwa da ƙara kamar ambaliya. Gonar da za ta ba da dami 50 ta ba da 43, mai ita ya ɗora laifin a kan taki ko gajiyar ƙasa, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Masara, wadda ta yaɗu a kudancin jihar da Zamfara, ta fi su rauni: wani nazari na duniya a 2017 ya nuna kowane ƙarin digiri ɗaya na rage ta da kusan kashi 7 cikin 100, alkama kashi 6, shinkafa kashi 3.

Abin da ya fi damun manomin tudu shi ne farkon damina. Ruwan fari ya sauko, ko an yi binne ya tsiro, sai sama ta ɗauke na kwana 15 ko 20. Ƙasar jigawa a irin wannan rana tana yin zafin da ba a iya taka ta ba takalmi, tsiron da bai kai tsawon yatsa ba ya ƙone. A sake shuka, wani lokaci sau biyu, da irin da aka tsame daga abincin gida. Shukar da ta makara kuma sai ruwa ya ɗauke mata kafin ta nuna.

Sauran sana'o'in ma ba su tsira ba. Mai albasa a Aliero ribarsa na cikin ajiya, ya jira farashi ya tashi, amma zafi da danshi na ruɓar da ita a ma'ajiya kafin lokacin. Saniya idan zafi ya yi yawa tana rage kiwo, nono ya ragu. Tafkunan da masunta da makiyaya ke rabawa na ƙafewa da wuri.

Iyakar jikin ɗan Adam

Kalmar da ke firgita mutane a rahotannin ƙasashen waje ita ce cewa wasu yankuna za su "gagari zama". Yana da kyau a san abin da ake nufi.

Zafin cikin jikin mutum digiri 37 ne, kuma idan gari ya fi haka zafi hanya ɗaya ce ta rage masa ta sanyaya kansa: gumi ya fito, iska ta busar da shi. Duk mai randa ya san wannan aiki. A bazara, lokacin da iska ta bushe, randar ƙasa na tsatsafo ta waje, ruwan cikinta ya yi sanyi ƙarara. Da damina ta kusa, iska ta yi nauyi, randa ɗaya a wuri ɗaya sai ruwanta ya ƙi sanyi. Masana na auna wannan da ma'aunin zafi da aka naɗe wa jiƙaƙƙen ƙyalle. An daɗe ana ɗaukar cewa idan wannan awo ya kai digiri 35, ko lafiyayye da ke zaune a inuwa ba zai wuce 'yan sa'o'i ba. Gwajin da aka yi a wata jami'a a jihar Pennsylvania ta Amurka a 2022 ya nuna iyakar ta fi kusa da 31, kuma a kan matasa masu lafiya aka gwada.

Zafin Maris da farkon Afrilu a Kebbi busasshe ne, shi ya sa mai ruwan sha da inuwa ke iya jure 43. Lokacin da ya fi haɗari shi ne ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da iskar kudu ta kawo danshi amma ruwa bai sauka ba. Shi ne lokacin da ɗakin kwano ke zama tanda, a fito da tabarmi tsakar gida a yayyafa musu ruwa, ƙarfe biyun dare bango na fitar da zafi kamar an hura masa wuta. Jikin da bai huce da dare ba ya shiga rana ta gaba da bashin jiya. Kuma daidai wannan lokaci ne masu yankan shinkafa ke sunkuye a fadama, inda danshi ya fi ko'ina.

An ga samfurin abin a azumin 2024. A ranar 3 ga Afrilu garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Wani babban asibiti a Bamako ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata duka 130 ya samu. Ƙungiyar masana da ke bin diddigin irin waɗannan al'amura ta ce zafi mai wannan tsanani ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba. Tsofaffi, jarirai, masu juna biyu da masu hawan jini ko ciwon ƙoda su suka fi faɗawa, kuma da wuya a rubuta "zafi" a matsayin sanadi.

Akwai wani ma'auni na daban. Masu bincike sun lura cewa tun dubban shekaru mutane ba su cika zama da yawa a inda matsakaicin zafin shekara ya kai digiri 29 ba. A 2020 irin waɗannan wurare ba su kai kashi 1 cikin 100 na tudun duniya ba, yawancinsu a Sahara. Yankin Sakkwato da Birnin Kebbi na tsakanin 28 da 29 tun yanzu. Binciken da Farfesa Tim Lenton na Jami'ar Exeter ya jagoranta a 2023 ya ƙiyasta cewa idan duniya ta ɗumama da digiri 2.7, inda manufofin ƙasashe na lokacin suka dosa, mutum kusan biliyan 2 za su tsinci kansu a irin wannan zafi zuwa ƙarshen ƙarni, fiye da miliyan 300 daga cikinsu a Najeriya. Idan aka tsaya a 1.5, adadin Najeriya bai kai miliyan 40 ba.

Wannan ba hasashen cewa garuruwa za su zama kufai ba ne. Ana zaune a Makka da Kuwait, waɗanda suka fi nan zafi da bazara. Amma can da lantarki da na'urar sanyaya ɗaki ake zaune, kuma abincinsu daga waje yake zuwa. Inda mutum da fartanya yake ci, gagarar zama na nufin sa'o'in aiki su ragu, kuɗin magani da na ruwa su ƙaru, amfanin gona ya ja baya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030 Afirka ta Yamma za ta rasa kusan kashi 5 cikin 100 na lokutan aiki saboda zafi. Cin rani da aka saba yi na wata huɗu a dawo shuka, shi ne ke iya rikiɗewa ya zama tafiya ba dawowa.

Inda ake saɓani

Cewa duniya na ɗumama kuma hayaƙin ɗan Adam ne sanadi, wannan kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce babu sauran shakka a kai tun rahotonsa na 2021. Saɓanin yana wasu wurare.

Masanan kansu ba su daidaita a kan makomar ruwan Sahel ba. Yawancin lissafinsu na nuna tsakiya da gabashin yankin za su ƙara samun ruwa, can yamma wajen Senegal kuma ya ragu. A kan zafi ne bakinsu ya zo ɗaya. Wasu na kawo hujjar cewa ƙarin iskar kabon taki ne ga tsirrai. Gaskiya ne ga shinkafa da alkama da wake, amma gero da dawa da masara ba sa amfana sosai, kuma gwaje-gwaje sun nuna hatsin da ya tashi a irin wannan iska na da ƙarancin sinadaran gina jiki.

A majalisun gari kuma ana jin masu cewa ruwa da rana na Allah ne, fari da ambaliya jarrabawa ce, maganinsu tuba da sallar roƙon ruwa. Wasu malaman ba sa ganin karo tsakanin wannan da bayanin masana. Suna kawo aya ta 41 a Suratur Rum, wadda ta danganta ɓarnar tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, da kuma tanadin shekara bakwai da Annabi Yusuf ya tsara wa Masar.

Batun rashin tsaro ya fi zafi. Wani ɓangare na ganin ƙafewar mashaya da ƙarancin ciyawa ne suka tura makiyaya cikin gonaki har rikicin Zamfara ya samo asali. Ɗaya ɓangaren na cewa wannan wanke masu laifi ne: an cinye burtali da dazuzzukan kiwo da hannun hukuma, an yi zalunci a shari'a, makamai sun shigo, ga zinare. Suna ƙarawa da cewa farin 1984 ya fi na yanzu muni amma bai haifi 'yan bindiga ba. Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kai shi ne sakamakon: manomin da aka kora daga gonarsa ta daji ba shi da halin gwada sabon iri ko dasa itace.

Sai rigimar wa zai biya. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. China ce kan gaba a yau, Amurka ce ta fi tarawa a tarihi. Ƙasashe masu arziki sun yi wa masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 a shekara don tunkarar sauyin yanayi tun 2009, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. An amince da asusun biyan asara a taron sauyin yanayi na Masar a 2022, a na Baku kuma a 2024 aka tsayar da dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035, adadin da ƙasashe masu tasowa suka ce ya yi kaɗan ƙwarai. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya sake sa hannun fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris. Masu arzikin na cewa China da ƙasashen Larabawa masu mai su ma su sa hannu a aljihu. Najeriya kanta na tsaka: tana neman diyya, tana kuma rayuwa da sayar da ɗanyen mai, ana ƙona gas a Neja Delta har yau.

Abin da ke hannu

A takarda an yi tanadi. Akwai dokar sauyin yanayi ta 2021, da alkawarin da Najeriya ta ɗauka a taron sauyin yanayi na Glasgow na daidaita hayaƙinta zuwa 2060, wato kada abin da take fitarwa ya fi abin da ake shanyewa. Kebbi da Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, suna kuma cikin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a busassun yankuna, na dala miliyan 700, da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da ranar da ake sa ran saukar ruwa da tsawon tsaikon da za a samu, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Ko bayanin na isa kunnen mai gona a Hausa kafin ya zuba iri, wannan ita ce tambayar, ganin yadda malaman gona suka yi ƙaranci.

Akwai iri masu taimakawa. Irin shinkafa FARO 66 da FARO 67, da aka fitar a 2017, na iya jure nutsewa a ruwa na kusan mako biyu. Geron SOSAT na nuna da wuri. Babu ɗayansu da ke maganin komai: irin da ke jure ambaliya ba lallai ya jure zafin fure ba, kuma mai saurin nuna idan ya riga na maƙwabta shi tsuntsu ke fara sauka a kai.

Misalin da ya fi kusa yana ƙetaren iyaka. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona, suna sassabe su bar reshe ɗaya ko biyu ya girma. An ƙiyasta hakan ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5, ba tare da gandun raino ba. Gawo ya fi yawa a ciki, don shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya ba da inuwa da abincin dabbobi. A yankin Tawa kuma ana haƙa tassa a fako, 'yan ramuka da ake zuba wa taki su tare ruwan sama, ƙasar da ta mutu ta koma ba da hatsi. Abin da ya sa aka dage a can shi ne manomi ya samu tabbacin itacen da ya raina nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara ba idan ya sari reshe. A wannan gefen iyakar, buhun gawayi na ƙara daraja duk lokacin da gas da kananzir suka tashi, kuma mai gonar aro ko jingina ba ya rainon itacen da sai bayan shekara biyar zai yi inuwa.